Ku Tambayi Bakanike: Rim mai faɗi a kan tsohuwar Mazda MX-5

Tambaya: Assalamu alaikum oga. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1992, mai fitilun nan da suke ɗagowa sama, na saye ta hannun wani da ya daɗe da ajiye ta. Rim ɗin da ta zo da shi 14 ne kuma duk ya ci duka, sai na samu wani mai sai da rim ya nuna min 15 mai faɗin 8, hujinsa huɗu, mun gwada ya shiga daidai, a bayansa an rubuta ET0. Ya ce in ɗora masa taya 195/65R15 tunda ita ce ta cika kasuwa kuma za ta ɗaga min motar daga ƙasa. Gaskiya rim ɗin ya tafi da ni amma ban biya ba tukuna, dan Allah a ba ni shawara. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, kuma ka kyauta da ka tsaya tambaya kafin kuɗi ya bar hannunka. Kar ka sayi rim ɗin nan, ita ma tayar kar ka saya. Shigar noti a huji ba shi ke nuna rim ya dace da mota ba, wannan matakin farko ne kawai.

Motarka daga kamfani ta fito da rim 14 mai faɗin inci 5.5, ET45, hujin 4x100 (wato huji huɗu a kan zagaye mai faɗin milimita 100), ramin tsakiya milimita 54.1, taya kuma 185/60R14. Rubuta waɗannan a takarda ka sa a aljihu duk sanda za ka shiga kasuwa. Lambar ET ɗin nan, wato ofset, tazara ce a milimita tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa hob (ƙarfen da ake ɗaura ƙafar mota a kai) idan ka ɗaure noti. In lambar tana da yawa rim yana shigewa ciki wajen shokazoba, in ta yi ƙasa yana turowa waje wajen madigadi. ET0 kuwa fuskar tana tsakiya cif, shi ya sa kake ganin wannan zurfin da ya burge ka.

Toh mu yi lissafi, ba wuya. Rim ɗinka na asali rabin faɗinsa kusan milimita 70 ne, cire 45, saura 25, iya abin da ya fito waje daga hob kenan. Wanda aka nuna maka mai inci 8 rabinsa 102 ne, ba abin da za ka cire tunda ET0 ne, kaga duk 102 ɗin a waje suke. Bambancin ya kai milimita 77, kusan inci uku a kowane gefe, a motar da bakin madigadinta ba shi da wannan filin ko kusa. A tsaye a bakin shago za ta yi kyau, amma ranar da ka ɗau mutum ɗaya ka hau bamp ko ka faɗa rami, bakin ƙarfen madigadi zai sauko kan kafaɗar taya, za ka ji ƙuuu, in ka sauka ka duba za ka ga ya yanka layi zagaye da tayar, fentin bakin madigadin kuma ya fara tsagewa. Wasu sai su tafi wajen fanel bita a bubbuge bodi a buɗa shi, ni kuwa yana min ciwo in ga an lalata jikin motar da ta haura shekara talatin saboda rim ɗin da za a iya canzawa gobe.

Wannan gugar ma ita ce ƙaramar matsalar don ita ana jin ta. Babbar ita ce wadda ba a gani. In ka ɗauki jarkar ruwa kusa da jikinka daban, in ka miƙe hannu da ita daban, nauyin ɗaya ne amma kafaɗa ce za ta gaya maka, haka boris ɗin ƙafa yake ji idan aka tura tsakiyar taya milimita 45 waje daga inda injiniyoyin suka ajiye ta. Boris zai riƙa mutuwa da wuri, bol join da tayarod su bi sahu. Sannan sitiyari zai canza hali, duk ramin da ƙafa ɗaya ta taka sai ya fizge hannunka, in ka taka birki a kwalta mai gargada motar ta riƙa neman gefe. Ita kuwa MX-5 tun da aka fito da ita a 1989 ba ƙarfin inji aka san ta da shi ba, 1.6 ne mai doki 115 ko kusa da haka, abin da ya sa duniya ke son ta shi ne rashin nauyi, ba ta kai tan ɗaya ba, da kuma yadda take bin hannu a kwana. In ka ɓata wannan me ya rage maka?

Sai taya. A 185/60R14, 185 faɗi ne a milimita, 60 kuma tsayin gefen tayar ne, kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato 111. Ninka biyu ka haɗa da inci 14 na rim, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama kusan milimita 578. Wannan lambar ita za ka kiyaye, kar ka yi nisa da ita fiye da kashi 3 cikin ɗari. Ita 195/65R15 da ya ce ka sa tana kai 634, kusan kashi 10 kenan, taya ce ta manyan motocin gida ba ta wannan ba. Eh za ta ɗaga motar da kamar milimita 28, amma za ta ci robar cikin madigadi duk sanda ka karya sitiyari, motar za ta yi nauyin tashi kamar ka fara da giya biyu, agogon gudu kuma zai riƙa maka ƙarya, yana nuna 100 kai kuwa kana kan 110.

Abin da zan ce ka nema shi ne rim 15 mai faɗin 7, ET35 zuwa 40, da taya 195/50R15. Tsayinta 576 ne, kusan ɗaya da ta asali. A ET35 rim ɗin zai fito waje da milimita 29 ya shiga ciki da 9 kacal, zai cika madigadi ya yi kyau ba tare da an taɓa bodi ba. In kana son ɗan ƙarin nama saboda hanya akwai 205/50R15, tsayinta 586, ita ma tana zama a kan wannan rim ɗin. Amma fa in unguwarku ramuka sun yi yawa, ni da zan samu rim 14 masu lafiya wallahi a kansu zan zauna, don gefen tayar 60 ya fi shanye duka, taya mai siririn gefe rami ɗaya mai kaifi ya ishe ta ta yi ƙwai ko rim ya lanƙwashe. 16 da 17 kuwa ka manta da su.

In za ka duba na hannu a Panteka, tsofaffin Corolla da Civic da Golf 3 mai huji huɗu duk 4x100 ne, na Peugeot 406 kuwa 4x108 ne, na tsohuwar Accord 4x114.3, ba za su shiga ba kuma kar ka yarda a faɗaɗa huji da dirila. Ramin tsakiyar na Golf 57.1 ne, na Civic 56.1, sun fi naka faɗi don haka sai da zoben da zai cike tazarar in ba haka ba za ka ji rawa a sitiyari ko an yi balansin sau nawa. Kuma mazaunin noti a rim ɗin Honda da Volkswagen na kamfani zagayayye ne, notin Mazda kuwa mai tsini ne, in ba su dace ba noti yana kwancewa a hanya. Kafin ka biya a ɗaura guda ɗaya a gaba, a sauke jak, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka zura yatsu ka ji tazarar da ke tsakanin taya da madigadi, ka kuma leƙa ko rim yana taɓa kalifar birki. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, 2322 na nufin sati na 23 a 2022. Iska kuma PSI 26 kamfani ya rubuta wa motar nan, ka tsaya a kan mai faci don in ka juya baya 40 zai dura mata.

Tambaya: Oga BMW Z3 gare ni, na samu rim 16 na 5 Series ƙirar E39 da araha, huji biyar ne kamar nawa. Zai yi? Daga Jos.

Amsa: Hujin ɗaya ne malam, 5x120, amma sauran biyun sun saɓa. Rim 16 na Z3 yana zuwa da ET46 a faɗin inci 7, na E39 kuwa ET20 ne, kaga zai turo waje da milimita 26, a gaba nan ne zai fi ba ka matsala. Ramin tsakiyarsa kuma 74.1 ne naka 72.6, sai da zobe. Ka bar shi ka nemi na 3 Series, E36 ko E46, su ne ofset ɗinsu da ramin tsakiyarsu suka yi daidai da motarka, ka ɗora 225/50R16.