Amsa ga ɗan'uwa mai baƙin Sallah a Zariya

Salamu alaikum. Malam, na ga tambayarka, cewa abokanka na bautar ƙasa su huɗu za su zo daga Ibadan su yi Ƙaramar Sallah a gidanka, ɗaya har da matarsa da yaronsu, suna son su kalli hawa, su yi sayayya, su je wasa da dare, duk a cikin kwana huɗu, kai kuma ka rasa ta ina za ka kama. Wallahi na san wannan damuwar sarai. Duk ɗan Zariya da ya taɓa riƙe baƙo a Sallah ya san ba abinci ko masauki ne ke hana barci ba, tsoron kada wani abu ya sami baƙon a hannunka ne, ko a cuce shi a gabanka ya koma gida yana faɗin sunan garinmu da mugun baki.

Abin da zan fara roƙonka, kada ka ce sai sun ga komai. Hawa uku ne: Hawan Sallah, washegari Hawan Bariki, sai Hawan Daushe ya rufe. Mutumin da ya kwana a mota daga Ibadan ba zai iya tsayuwar uku ba, musamman da yake a 'yan shekarun nan Sallar a cikin zafin bazara take faɗowa. Ka zaɓi biyu daga ciki. Ni da za ka ji tawa, ranar Sallah ku tsaya can wajen Ƙofar Doka ku ga wucewar sarki daga Idi, ku koma gida ku ci abinci ku huta, ku ajiye ƙarfinku don Daushe. Na Bariki kuwa, da yake sarki fitowa yake daga birni ya nufi bariki, tafiyar tana da tsawo, ana samun gefen titi mai sarari, shi ya fi dacewa da mai ɗauke da yaro. Kuma ka riƙa sauraron sanarwar masarauta, don akan ɗage hawa ko a soke shi, kamar yadda aka yi a 2020 lokacin korona. Kada ka yi musu alkawarin abin da ba a hannunka yake ba.

Yanzu ga inda abin yake lalacewa, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Ba dawakin da ke tafiya a jere ne abin tsoro ba. Lokaci biyu ne: sa'ad da 'yan bindiga suka saki bindigogin gargajiya, da sa'ad da aka fara jahi, wato sukuwar mahaya don gaishe da sarki, a ƙofar fada. Ƙarar bindigar nan, wanda bai saba ba zai ɗauka faɗa ne ya ɓarke. Baƙo ya zabura ya juya da gudu, na bayansa su turo gaba don su ga abin da ke faruwa, hayaƙin albarushi da ƙura su rufe ido, dogarai kuma suna kora mutane baya don buɗe wa dawaki hanya. A cikin wannan 'yar daƙiƙar hannun yaro ke suɓucewa daga hannun uwarsa. Ka duba dama ka duba hagu, babu shi. Ka ɗauko waya, layi ya cushe saboda yawan jama'a, kira ba ya shiga. Uwar tana kuka da yaren da ba kowa ke ji ba, uban yana kallonka, don kai ne ka kawo su. Ko da an ga yaron bayan minti goma, Sallar nan ta riga ta ƙare musu, kai ma ta ƙare maka. Allah Ya kiyaye mu. Ba na son ko maƙiyina ya tsaya a wannan matsayi.

Maganinsa tun daga gida ake yi. Ka gaya musu za a harba bindiga, babu harsashi a ciki, murna ce, kowa ya tsaya inda yake. Ka rubuta sunanka da unguwarku da lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun yaron, ka maƙale da fil. Idan ƙarami ne, a kafaɗar ubansa zai zauna tun daga farko har ƙarshe. Ku yanke wuri ɗaya sananne da za a haɗu idan an rabu, masallacin unguwa ko shagon wani da ka sani, ka kai su su gan shi da idonsu kafin taro ya cika, ba kwatance da baki ba. Kada ku tsaya a kan kwana, nan doki ke zamewa, kuma kada kowa ya bi ta bayan doki ko da a tsaye yake. Ku sami bango a bayanku. Mafi kyau duka, ka nemi wani ɗan'uwa ko aboki mai gida a kan hanyar da sarki zai bi, mai bene ko dakali mai tudu, ka je ka roƙe shi tun cikin azumi. Zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi masa da ɗan goron Sallah, don ba kai kaɗai ke roƙo ba.

Mota kuwa ku bar ta nesa. Da an tare hanyoyin da ke shiga fada, ko Keke Napep ba ya wucewa, wanda ya kutsa da mota zai zauna a ciki har dare. Ku bakwai ne har da kai da yaron, keke biyu ke nan, ka yi magana da masu keken unguwarku da ka sani su sauke ku su dawo su ɗauke ku a wuri kaza, ku gama ciniki tun kafin ranar, don kuɗin Sallah daban yake. Kowa ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ruwa leda uku uku ga kowane mutum, hula ko laima, da takunkumi saboda ƙura idan akwai mai asma. Waya a aljihun gaba, kuma ɗaya kawai za a fitar don hoto.

Ka riƙa yi musu bayani, kada su tsaya suna kallon launi kawai. Nuna musu 'yan lifidi da 'yan kwalkwali, da zagage masu tafiya a ƙasa gaban sarki, da yadda kowane hakimi ke zuwa da tawagarsa da makaɗansa. Ka gaya musu idan sun ji kakaki da tambari suka hango laima, sarki ne ya iso, kuma ba a miƙa masa hannu, jinjina ake yi. Za su tambaye ka wane ne, ka ce Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, ya hau a 2020 bayan rasuwar Marigayi Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 a kan karaga, kuma gidajen sarautarmu huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Matar abokinka ka sa uwargidanka ta ara mata babban mayafi, za ta fi sakewa a cikin birni.

Sai maganar sayayya, kuma a nan ne raina yake ɓaci. Akwai wasu mutane, ba su da shago ba su da sana'a, aikinsu su tsaya a bakin kasuwa suna sauraron harshe. Da sun ji Turanci ko Yarbanci sai su manne, "Yallaɓai me ake nema, zo in kai ka wurin mai asali." Su ja baƙonka shagon da suka riga suka shirya da shi, su ƙifta wa mai shago ido, a ɗora kamashonsu a kan kuɗin, a miƙo masa aikin keke a ce ɗinkin hannu ne, a miƙo shadda mai zuba a rantse gezna ce. Abin da ya fi ciwo, a gabanka za su yi, da Hausa, suna ce maka "Malam kai ma za ka sami naka", wai su sa ka ci amanar wanda ya ci abinci a gidanka. Mutanen nan ba baƙo kaɗai suke cuta ba. Tsohon da ya zauna a zaure wata da watanni yana tsaga ido a kan ɗinkin aska tara na babbar riga, shi suke kashewa, don baƙon da aka cuta sau ɗaya ba zai ƙara yarda akwai ɗinkin gaskiya a Zariya ba, kuma zai gaya wa mutum goma. Garin da aka san shi da ɗinkin babbar riga tun kaka da kakanni, a ce 'yan kamasho ne fuskarsa a wurin baƙo! Kada ka ba su fuska ko ta sisin kwabo. Ka ce "mun gode, da mai shagonmu", ka wuce, kada ka tsaya musu.

Don haka kai za ka fara zuwa kai kaɗai, kwana biyu kafin su iso, ka taya kayan da ka san za su so, ka riƙe farashi a kanka. Atamfa da leshi da yadi, Kasuwar Sabon Gari. Ɗinkin hannu da hula kuwa cikin birni, wurin masu yi da kansu. Kuma kada ka kai su jajibiri, ranar ba mai sauraron ciniki, ga cunkoso ga masu yankan aljihu. Ranar Sallah da washegari shaguna da yawa a rufe suke. Rana ta uku da safe ko ta huɗu ita ce taku.

Gane ɗinkin hannu ba wuya. Juya rigar ciki waje. Na hannu za ka ga ƙulle-ƙullen zare a baya, kuma ɗinkin bai zama daidai wa daida ba, wani ya ɗan fi wani tsawo. Na keke a shafe yake sumul, da zaren ƙasa siriri yana bin ko'ina iri ɗaya. Shadda, jiƙa gefen farin hankici ka goga a bakin yadin, idan ya ɗauki launi a ajiye ta. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma ne, kaftani da wando huɗu zuwa biyar gwargwadon jikin mutum, atamfa turmi yadi shida, kuma a auna a gabanku. Hula a gwada a kai, kada a saya da ƙiyasi, wanda zai yi wa wani tsaraba ya tambayo lambar kansa ta waya. Kayan fata, jaka ko takalmi, a lanƙwasa a shinshina, roba ba ta da warin jima kuma takan yi farin layi a inda aka lanƙwasa. Abu ɗaya da zan hana ka da babbar murya: kada baƙo ya ba tela kafin alƙalami da sunan za a gama kafin ya tafi. Ba za a gama ba. Kai za a bari da sintiri, abota ta yi tsami a kan riga. Su sayi wanda aka gama, ko su tafi da yadinsu. Ku riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don tura kuɗi ta waya yakan maƙale a ranakun nan. Tsarabar ci kuma, kilishi da dambun nama da mazarƙwaila ba sa lalacewa a hanya. Fura da nono a sha a nan, kuma a gida, wadda aka dama da ruwan da ka yarda da shi, don cikin baƙo ba irin naka ba ne.

Wasan dare, gaskiya ban cika ƙarfafa maka gwiwa ba. Wasannin Sallah da ake liƙa takardunsu a bango, sau da yawa a rubuta ƙarfe huɗu a fara bayan isha'i, a sa hoton babban mawaƙi a ƙarshe yaransa ne za su zo, ga matasa masu shaye-shaye a bakin ƙofa. Idan sun nace, ka zaɓi wanda ake yi a rufaffen zaure mai kujeru da masu tsaro, ka sayi tikiti a ƙofa ba a hannun yaro a titi ba, ku zauna kusa da mafita, ku fito kafin a tashi, ƙarfe goma ta same ku a gida. Matar da yaron su zauna a gida. Ai kiɗan da ba za su samu a Ibadan ba shi ne wanda za su ji a hawa kyauta, algaita da kakaki da kirarin maroƙa. Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda aka gina da ƙasa, wuri ne mai kyau, amma wasa sai ɗalibai suna nan, a hutun Sallah da wuya ku tarar. Duk da haka ku shiga da la'asar, su ga jami'ar da aka kafa tun 1962, su zaga wurin sassaƙe-sassaƙen sashen zane, akwai inuwa, yaro ma zai sami filin gudu.

Idan akwai Kirista a cikinsu, kai su Wusasa su ga cocin Saint Bartholomew, ginin ƙasa ne na 1929 irin na magina Hausawa, ga Dutsen Kufena nan kusa. Za su so ganin Babban Masallacin Juma'a na Babban Gwani Muhammadu Durugu, sai ka gaya musu gaskiya cewa wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin salla, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Wannan abu har yau yana ci mini rai, shi da ganuwa. Ka bi ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ka gani, wani wurin an yashe ƙasar an yi bulo, wani wurin an dasa gida a kai, wani ya zama juji. Muna ta ambaton Sarauniya Amina a baki, abin da za mu nuna wa baƙo yana narkewa duk damina. Ka zaɓi inda ta rage da tsayi ka tsaya da su, tun tana nan.

Ranar komawa kada ka yarda su yi tafiyar dare. Ka je tasha tun jajibirin tafiyar ka kama musu kujera, don bayan Sallah kowa komawa yake, motar safe kafin ƙarfe bakwai ta cika. Kilishin a naɗe shi a takarda, kada a ƙulle a leda, gumi yake yi.