Tambaya da Amsa: Wace tirelar kwana a daji zan saya da ɗan abin da ke hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Tahoua. Aikina kan kai ni wajen Abalak da Cintabaraden, kuma in Satumba ta zo nakan bi makiyaya har Ingal lokacin taron gishiri. Ina da tsohuwar Hilux, bayanta kullum cike da magani da kayan aiki, ni da yarona a ƙasa muke kwana. Ina son ƙaramar tirela da za ta ɗauki ruwa da firijin allurai, da wurin kwanciya a samanta. Abin da na tara miliyan ɗaya da rabi ne na sefa. An nuna mini wata tsohuwar karaban ta Turawa, wato tirela mai ɗakin kwana, a Yamai, sannan wani mai walda a nan ya ce zai haɗa mini sabuwa da rabin kuɗin, mara nauyi, wadda zan ɗaga kanta da hannu ɗaya. Sai dai bara tirelar wani abokina ta kife da shi a kan kwalta, Allah ya tsare bai mutu ba amma ƙugunsa ya karye. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba, mai ɗakina ma cewa take in bar maganar. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba abokinka lafiya. Tsoron da kai da iyalinka kuke ji yana kan hanya, kuma ka yi daidai da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka.

Karaban ɗin Yamai, ka bar ta inda take. Don hanyoyin Faransa da Jamus aka ƙera ta: cikinta kusa da ƙasa, tayoyinta ƙanana inci 13 ko 14, bangonta siririn katako ne da aka lulluɓe da fallen alminiyam. Gargadar hanyar Cintabaraden za ta kwance mata kusoshi tun a tafiyar farko, kori na farko da za ka tsallaka gindinta zai daki ƙasa. In wani abu ya karye a ƙafarta, ba za ka samu irinsa a Tahoua ba, balle a Abalak. Ta gida za ka yi. Amma ba irin wadda mai waldan nan ya kwatanta maka ba.

Maganarsa ta ɗaga kan tirela da hannu ɗaya ita ta sa na zauna rubuta wannan amsa da tsawo, domin kusan kullum sai na ji ta a garaji, kuma ita ce take kifar da mutane. An ɗauka tirelar da kanta ba nauyi ita ce mai kyau, wai ba ta wahalar da mota, ba ta danne bayanta, ba ta cin mai. Masu sayarwa har alfahari suke yi, su kira yaro ya ɗaga wuyanta a gaban mai saye. Wanda ya yi maka haka ya nuna maka aibin kayansa da kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk mai amalanken jaki ya san in ya jibga buhuna bayan taya, sandunan gaba sama za su yi, ƙafafun jakin su rasa kama ƙasa. Haka tirela take yi wa mota. In nauyi ya fi yawa bayan sandar tayoyi, wuyan tirela yana ɗaga ƙugiyar da ke maƙale ta a bayan mota sama, tayoyin bayan mota su rage manne wa hanya. Ga kuma nauyin nan da ke can ƙarshe, nesa da taya, da zarar ya karkata gefe guda sai ya ja gindin motar tare da shi, ya dawo ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. A gudun kilomita 40 lilon yakan mutu da kansa. Akwai gudun da in ka kai, ba ya mutuwa, ƙaruwa yake yi, kuma gwargwadon rashin nauyin kan tirela gwargwadon saurin kaiwa wannan gudun. Abu kaɗan ke tayar da shi: babbar mota ta wuce ka iskarta ta buge ka, ko ka kauce wa rami, ko iskar hunturu ta taso daga gabas.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da ka ce a kan kwalta abokinka ya faɗi. Mutane daji suke tsoro, alhali a cikin rairayi da duwatsu ba ka wuce 30 ko 40, tirela ba ta samun damar nuna halinta. Sai mutum ya yi mako biyu a Azawak lafiya lau, ya hau kwalta a Abalak, ga gajiya ga ɗokin gida, ya taka 90. Ruwan da ke gaba an shanye shi, jarkokin mai da tayar ajiya da ke rataye a baya suna nan da nauyinsu. Tirelar da ya fita da ita daga Tahoua ba ita ce yake dawowa da ita ba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Kashi 60 cikin ɗari na kaya gaban sandar tayoyi, 40 a baya, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da sandar. Nauyin da kan tirela ke ɗora wa ƙugiya ya kama tsakanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta duka. Tirela mai kilo 800 a cike, kanta ya yi kilo 60 zuwa 80, kada dai ya zarce adadin da aka buga a jikin ƙugiyar motarka. Wannan ba abin ɗagawa da hannu ɗaya ba ne. Kuma ba da ido ake aunawa ba. Ka ari sikelin masu albasa ko na masu hatsi, ka tsayar da guntun katako a kansa, ka ɗora kan tirelar a daidai tsayin ƙugiya, ka karanta. Ka auna tana cike, ka sake aunawa tankin ruwa babu kome. In lissafin ya lalace da ruwa ya ƙare, tankin ba a wurinsa yake ba. A mai da shi kan sandar tayoyi ko ɗan gabanta kaɗan. A sa masa shamaki a ciki, don ruwan da ya kai rabi yana tambal-tambal, shi ma yana tayar da lilo.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wasu masu walda ke gyara wannan matsala. Mai mota ya zo ya ce bayan motarsa ya zauna, maimakon a rage kaya ko a duba lam ɗin motar, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, sai su yanke sandar tayoyin tirela su matso da ita gaba. Mota ta miƙe, mai ita ya yi murna ya biya, an sayar masa da haɗari. Wasu kuma su ƙara tsawon bayan tirela da rabin mita, su liƙa maratayin taya da na jarkoki huɗu a can, don hoto ya yi kyau a Facebook. Ban da masu liƙa ƙugiya a jikin bamba da walda, alhali wurinta shasi ne, da kusoshi masu ƙarfi. Ba wanda ya koya musu lissafin nauyi, ba wanda ke duba aikinsu, su kuma ba sa jin kunyar cewa sun iya. Iya riƙe sandar walda daban, sanin inda nauyi ke zama daban.

Akwai kuma jita-jitar da direbobi ke yaɗawa a tasha, wai in tirela ta fara lilo ka ƙara wuta za ta miƙe. Ƙarya ce mai kisa. Gudu ne ya haifi lilon, ƙarin gudu ba zai kashe shi ba. Haka nan kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka bi ta da sitiyari kana ƙoƙarin gyarawa, don hannunka ba zai taɓa riga ta ba. Ka riƙe sitiyari a miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu. In ta lafa ka sauka gefe ka sake shirin kaya kafin ka ci gaba. Ni da tirela a baya ba na shawartar kowa ya wuce 80 a hanyar Tahoua zuwa Agadas, ko da inda kwaltar take da kyau.

Sai birki, wanda shi ma mai waldan bai ambata maka ba, kuma da rabin kuɗin nan na tabbata babu shi a lissafinsa. A Turai duk tirelar da nauyinta a cike ya haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma littafin Hilux da na Land Cruiser kilo 750 ɗin suka yarje wa tirela mara birki. Mu lissafa naka. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Gazuwal jarka uku masu lita 20, kilo 50 da ɗoriya. Batir mai amfiya 100 wajen kilo 30, firiji da allurai 25, tayar ajiya 30, tukunyar gas cike 25, buhun shinkafa 25, tanti da katifa 60, kayan gyara 40. Ka kusa kilo 400 ke nan, ita kanta tirelar ƙarfe da wuya ta gaza 450. Ka wuce iyaka tun ba ka sa akwatin magani ba. Ko dai ka rage ruwa da mai ka mai da su bayan mota, ko ka nemi kan tirela mai birkin turi, irin wanda in mota ta rage gudu tirela ta turo shi sai ya ja wayoyin birkin tayoyinta. Abin kirki guda da ke jikin irin karaban ɗin da ka gani shi ne wannan. In ka samu matacciya da araha, kan da birkin kaɗai sun isa a saye ta dominsu, muddin adadin nauyin da ke rubuce a jikinsu ya kai naka.

Sauran zaɓin ba sa buƙatar dogon bayani. Tayoyin tirela su zama irin na motarka, girma ɗaya, kusoshi shida iri ɗaya, don tayar ajiya guda ta yi wa duka biyun aiki. Faɗin ƙafarta ya yi daidai da na Hilux, ta bi sawun da mota ta riga ta buɗe a rairayi, in ba haka ba za ka yi ta kafewa. A sa lam, wanda kowane makaniki a Adar ya san gyaransa, da amotisa, abin da ke shanye girgiza, don lam kaɗai a gargada tsalle yake sa tirela. Kada a jibga lam na babbar mota wai don ƙarfi. In ya yi tauri da yawa duk bugun hanya a jikin shasi da firijinka zai ƙare. Wuyanta ya shige ƙarƙashin shasi har kusa da lam, kada a tsaya liƙa shi a goshi. Maƙalar ta zama mai juyawa, irin zobe da ƙugiya na tirelolin soja, domin ƙwallon nan mai milimita 50 da aka saba maƙala tirela a kansa yana da iyakar karkata, a gangaren kori yana iya cijewa. Sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuya. In tayoyin na hannu ne, ka duba lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara; wadda ta haura shekara shida, zafin Afrilu da Mayu na iya fasa ta ko zanenta bai cinye ba. Rulma guda biyu, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, da giris su zauna a akwatinka kullum.

Kuɗinka za su isa in ka bi wannan tsari: shasi da ƙafa da birki su ci kaso mafi girma, sannan firiji da batir da faranti mai amfani da hasken rana na wat 150 zuwa 200, tunda alluranka tsakanin digiri 2 da 8 suke so. Wurin kwana ya zo ƙarshe. Katako mai kyau a sama, katifa, tampol da gidan sauro sun wadatar a shekarar farko.

Takardu kuma, ka fara da su kafin a yanka ƙarfe. Ka je ofishin sufuri ka ji abin da ake nema ga tirelar da aka haɗa a gida, ka sa mai inshorarka ya rubuta ta a takardar motarka, ka ajiye rasidin duk abin da ka saya. Za a yi maka je-ka-ka-dawo, ka daure. Abin takaici, a shingen hanya takarda ake tambaya, ban taɓa ganin wanda ya sunkuya ya duba sarƙa ko ya ce a taka birki ya ga fitila ba. Wannan duban ya rage naka.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka ɗauki mutum a cikin tirela tana tafiya. Na san yadda daji yake. Za ka tarar da tsohuwa da jikokinta a bakin rijiya suna neman a rage musu hanya zuwa kasuwa, kunya ta hana ka cewa a'a. Rai amana ne, yaron da ke bin ka ma iyayensa amana suka ba ka, kuma ranar da abu ya faru ba mai waldan za a tambaya ba, kai za a tambaya, nan duniya da gobe kiyama. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. In akwai wuri a cikin mota ka ɗauke su, in babu ka ba su haƙuri da ruwan sha. Haka kuma daren sanyi na Disamba da Janairu, kada a shigar da gawayi cikin tanti a rufe. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta wari, barci take sa mutum har ta kashe shi.

Ka koma wurin mai waldan da sikeli a hannunka, ka ce masa kana son kilo 70 a kan tirela in an cika ta, da birki, da sarƙa biyu, kuma ba za ka cika masa kuɗi ba sai kun loda ta kun gwada a hanyar Ƙonni, daga 40 kuna ƙarawa sannu a hankali. In ya karɓi sharaɗin, ku yi ciniki. In ya ce shi shekara ashirin yana yi ba a taɓa kawo masa sikeli ba, ka nemi wani.