An ba ni hedimasta, ina zan samu horo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 12 ina riƙe da aji, yanzu an naɗa ni hedimasta. Ina ake koyon shugabancin makaranta? Daga wani malami a Daura.

Amsa: Allah ya taya riƙo, Malam. Fara da sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, domin ta ofishinsa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kan nemi sunayen masu zuwa bita. Kai buƙatarka a rubuce, kada ka jira a tuna da kai. Akwai kuma cibiyar NIEPA a Ondo, mai horar da shugabannin makarantu.

Sai dai bitar kwana uku takan mutu cikin jakar da aka raba, saboda ba mai bibiya. In ka dawo, kama abu ɗaya tukuna: duba darasi. Shiga aji biyu a mako, ka zauna a bencin baya minti 20, ka lura: yara na rubutu da amsa tambaya, ko malam kaɗai ke magana? Bayan an tashi ku keɓe, ka fara da abin da ya yi daidai. Gyara a gaban yara shi ke sa abokan aikinka na jiya su juya maka baya.

Rajistar da malamai ke sa hannu in sun zo da safe kuwa, ja mata layi da jan biro ƙarfe takwas don a gane masu makara, naka sa hannun yana can sama.