Kafin Ka Biya Kuɗin Babur Mai Ƙafa Huɗu

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: babur mai ƙafa huɗu irin na wasa, wanda samari ke sha'awar shiga daji da shi ta wajen Duwatsun Shere da bayan Rayfield a nan Jos. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Malam, daga Bukuru nake. Na tara 'yan kuɗi ina so in sayi na hannu don hawa ranakun hutu. Dillali ya nuna mini Honda 400EX da Yamaha Banshee da Raptor 660 da YFZ450. Abokaina sun ce Banshee ta fi gudu. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ƙanena, ɗauki Hondar, muddin lafiyarta ƙalau. A hanyar Shere, tsakanin duwatsu da kwazazzabai, ba gudu ake nema ba, abin da zai kai ka ya dawo da kai gida ake nema. 400EX ta fito ne a 1999, injinta cc 397, iska ke sanyaya shi, babu lagireton ruwa balle dutse ya fasa shi ka tsaya a daji. Kafireto gare ta, don haka duk bakaniken da ya san babur zai iya buɗe ta ya gane abin da yake gani. Abu ɗaya ka tambaya: shekarar ƙira. Waɗanda aka yi kafin 2005 ba su da ribas. Ranar da ka shiga lungun dutse hanya ta ƙare, sai ka sauka ka ja abin da ya kai kusan kilo 170 da hannunka.

Banshee kuwa injinta irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, fistin biyu, da ƙafa ake tayar da ita, ba ta da ribas, ga shan mai, kuma ka san kuɗin lita yanzu. Ƙarfinta sai an matsa mata sosai yake fitowa, shi ya sa ta fi dacewa da filin rairayi. In ka yi ta lallaɓa ta a kan duwatsu, fulogi zai yi ta kamawa. An daina sayar da ita a Amurka tun 2006, sai ka lissafa hannun mutum nawa ta bi kafin ta zo gare ka. YFZ450 ta tsere ce, tana son a riƙa duba mata bawul ana canza baƙin mai a kai a kai, in an yi sakaci gyaranta yakan fi ƙarfin aljihu. Raptor 660, ta 2001 zuwa 2005, an san ta da matsalar wurin tayarwa. In ka danna ka ji ƙarar gurza ƙarfe, bar ta inda ka gan ta. Idan Hondar ba ta yi ba, nemi Yamaha Warrior 350 mai giya shida da ribas, ko Suzuki Z400, wadda ita da Kawasaki KFX400 abu ɗaya ne, kayan gyaransu na shiga juna.

Kuma kada ka je dubawa da rana. Je da sassafe, lokacin da sanyin Jos bai saki gari ba, ka ɗora hannu a kan injin kafin kowa ya taɓa makulli. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ga wahalar tashinsa, sai ka ce gobe za ka dawo. Bayan ya tashi ka tsaya ta bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ya ƙi yankewa alama ce injin na cin baƙin mai. A ɗaga baya, ka kama taya ka girgiza ta hagu da dama, in tana kaɗawa boris ya mutu. Ka juya ta kana kallon sandar da ta haɗa tayoyin biyu, in tana rawa ta lanƙwashe. Sannan ka durƙusa da tocila ka leƙa ƙarƙashi. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ko ɗinkin walda mai kumburi kusa da inda ƙafafun gaba suke kama jiki, yana gaya maka an taɓa yin karo da shi. Na ƙarshe, buɗe akwatin iska ka cire soson, ka shafa yatsa a bututun da ya nufi kafireto. In yatsan ya fito da ƙura, injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa, komai kyan robar da ke waje.

Tambaya: Zan iya riƙa zuwa aiki da shi daga Rikkos zuwa Terminus, in kuma ɗauki maiɗakina a baya?

Amsa: A'a. Wannan tambaya ta ishe ni haka. Tayoyin baya a sanda ɗaya suke, tare suke juyawa. A kan ƙasa ta ciki takan ɗan zame a kwana, a kan kwalta kuwa kamawa take yi, sai babur ya kife da kai. Tsawon kujerar kuma don mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya ne a hawa da gangara, ba wurin fasinja ba ne. Ku hau keke Napep.

Tambaya: An kawo mini Raptor sabuwa dal daga Abuja, kuɗinta bai kai rabin na tsohuwar Honda ba. Mai ita ya ce gwanjon kwastan ce. In biya?

Amsa: Alhaji, kada ka biya ko sisi sai ka karanta lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, an buga su a jikin ƙarfen babur ɗin, galibi ta hagu daga ƙasa. Na farkon shi ke faɗin ƙasar da aka ƙera shi: J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, L kuwa China. Na goma shi ke nuna shekara: 1 zuwa 9 na 2001 zuwa 2009 ne, A kuma 2010. Yamaha Raptor 700 ta gaskiya injinta cc 686 ne, ruwa ke sanyaya shi, ba ta da kafireto. In ka leƙa ka ga ɗan ƙaramin inji na cc 150 ko 200, kuma lambar ta fara da L, to sitika aka sayar maka. In wurin lambar ya sha goga ko an rufe shi da fenti, tashi ka tafi. In da gaske gwanjo ce, a nuna maka takardar, lambar da ke cikinta ta yi daidai da ta jikin ƙarfen.

A fahimce ni, ba kayan China nake ƙi ba. Wanda aka sayar da sunansa na gaskiya, a kuɗinsa na gaskiya, don zagaya gona ko fili, ba ni da ja. Ƙaryar ce take ƙona mini rai, domin mai saye yakan hau shi da zuciyar Yamaha, ya shiga gangarar da birkinsa da waldarsa ba za su ɗauka ba.

Tunda ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, bari in faɗa wa kowa: jabun da ya fi kashe waɗannan baburan ba na sitika ba ne, na cikin kwali da galan ne. Mutum zai yi wata da watanni yana neman na gari, ya same shi, sannan ya aiki yaro ya sayo baƙin mai mafi araha a bakin titi. Galan na asali ne, murfin ma kamar na asali, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. A injin da iska ke sanyayawa, baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ke kwashe wani kaso na zafin. Kana hawan dutse a giya ta ɗaya, iska ba ta bugun injin sosai, man jabu ya tsinke ya zama ruwa, saman injin ya fara cin kansa. Ba a ranar za ka sani ba. Sai bayan 'yan makonni ka ji ƙas-ƙas, bakanike ya buɗe ya kira maka kuɗin da ya ninka abin da ka yi tattali sau da yawa, kayan kuma sai an yi odarsu daga waje da dala. Ko man na gaskiya ne, a duba bayan galan a ga an rubuta JASO MA, domin kulocin waɗannan baburan a cikin man yake wanka, wani man mota kuwa sa shi zamewa yake yi. In ka juye, ka huda galan ɗin da wuƙa kafin ka yar, kada a tsince shi a sake cika shi a sayar wa wani.

Fulogi ma haka. Sunan kamfanin fulogi na NGK ya sha kwaikwayo, kuma na jabu kan iya narkewa, guntunsa ya faɗa kan fistin. Haka takalmin birki, haka boris, haka sarƙa. A cikin gari in sarƙa ta tsinke, turawa za ka yi zuwa wurin mai gyara. A bayan Shere fa, inda waya ba ta kamawa, magariba na gabatowa? Akwai 'yan kasuwa masu amana a Dilimi nan Jos, akwai su a Apo ta Abuja. Irinsu in ka ce na asali kake so, za su ɗora maka biyu a kan tebur su ce wannan kaza ne, wannan kaza. Riƙe irin wannan mutum, ka daina yawo kana neman ragin 'yan kuɗin da ba su kai na cin abincin rana ba. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda kuɗin yake tafiya. A ƙarar da komai wajen saye, ragowar a zuba a salansa mai ƙara da fitilu masu launi, sannan a tsaya ana ciniki a kan hular kwano. Hular da za ka matse ta da hannu biyu ta lotsa, mai siririn soso a ciki, ko an manna mata tambarin inganci na DOT sau goma ba hula ba ce. Ta ƙwarai tana da nauyi, farin kumfan cikinta mai kauri ne da tauri, igiyar haɓarta a kafe take da ƙarfe. Shawarata ga duk mai niyya: ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don hula da takalmi mai rufe idon sawu da gyaran farko. In abin da ya rage bai isa sayen na gari ba, lokacin sayenka bai yi ba tukuna.

Tambaya: Ɗana shekararsa 12. Mahaifinsa ya saya masa irin na manya. Wallahi duk ranar da ya fita ba na samun natsuwa, amma an ce tsoro ne ya yi mini yawa.

Amsa: Hajiya, hankalinki bai tashi a banza ba, kuma ba ke kaɗai kike faɗa ba. Kamfanonin da suka ƙera su da kansu sun manna gargaɗi a jikin robar cewa wanda bai kai shekara 16 ba kada ya hau. Da nauyin jiki ake sarrafa wannan babur, yaro kuwa ba shi da nauyin da zai danne shi in ya fara ɗagawa, ba shi da ƙarfin ture shi in ya faɗo masa. Ki samu lokacin da maigida yake cikin nishaɗi, ki kai shi gaban babur ɗin ki nuna masa rubutun ya karanta da idonsa. Ƙauna ce ta sa ya saya, ta wannan ƙofar za ki shiga. A musanya shi da ƙarami na cc 90, wanda ke da kusar rage gudu a jikin totur, a riƙa sassauta ta a hankali yadda hannun yaron yake faɗawa. Kafin nan makulli ya zauna a wurinki. Ko da ƙaramin ne, kada ya fita sai da babba, kuma a nisanta shi da tsofaffin kududdufan kuza na wajen Rayfield da Bukuru, bakinsu na zaftarewa, zurfinsu kuma ba a ganinsa daga sama. Allah Ya raya miki shi, Ya tsare.

Tambaya: Mai faci ya buga mini iska, yanzu babur sai tsalle yake yi, fulogi kuma yana yin baƙi tun da aka kawo shi daga Legas.

Amsa: Ya cika maka tayar kamar ta mota. Ta mota takan kai 30 a geji, wannan kuwa 4 zuwa 5 take so, ainihin adadin na nan rubuce a jikin babur ɗin. Gejin mai faci ba ya karanta ƙaramar iska irin wannan, sai ka sayi naka, ka tabbatar hagu da dama sun yi daidai, in ba haka ba zai riƙa janka gefe ɗaya. Batun fulogi kuma, Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, kafireton da aka saita can yakan ba da mai fiye da kima a nan. Fara da wanke soson iska ka shafa masa mansa, musamman da hunturu. In baƙin bai daina ba, bakanike ya rage man da kafireto ke bayarwa kaɗan, kaɗan fa, don in ya wuce gona da iri injin zai riƙa ɗaukar zafi.