Gilashi ɗaya, ƙira biyu

Jiya ka tambaye ni, wai me ya sa madubin Leeuwenhoek na ƙara girman ƙananan abubuwa ya yi kama da maratayin ƙofa da ya ɓalle, na Wilson kuwa sumul kamar kayan ado, kuma wanne ya fi. Ɗauko kwaikwayon nan biyu da ke kan teburi, yarona, ka zauna.

Kowannensu gilashin ƙara girma ɗaya ne tak. Gwargwadon ƙanƙantar gilashin, gwargwadon ƙarfinsa, amma fa sai abin dubawa ya matso kamar zai taɓa shi. Duk ƙarafan da kake gani, aikinsu ke nan: su riƙe abin daf da gilashi.

Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a Delft, ƙasar Holan. Faranti biyu yake samu na tagulla ko azurfa, tsawon kamar santimita 5, ya huda su, ya matse gilashi kamar ƙwayar gero a tsakani, ya buga ƙusa. Juya bayansa. Ka ga tsinken nan? A kansa ake manna abin dubawa. Sukuru ɗaya ya ɗaga shi, wani ya matso da shi. Kai shi ido, sai gashin idonka ya goge farantin, ka fuskanci taga. Hawaye ko? Haka yake. Amma wanda ke ajiye a birnin Utrecht na Holan yana ninka girman abu sau 266, kuma da irinsa mutumin ya ga halittu suna iyo a ruwan tafki a 1674. In abu ya zauna daidai a tsinke, yakan bar shi nan ya ƙera wani madubin, shi ya sa ya yi ɗaruruwa.

James Wilson na Landan, a 1702, masu saye ya duba. Bututu ne mai zare, da mariƙi na hauren giwa. Ana zura siririn allo mai ramuka ɗauke da abin dubawa, sifirin ya danne shi, ka murɗa bututun har hoto ya fito. Gilasan ma ana sauya su. Ya fi daɗin hannu nesa ba kusa ba, sai dai wanda na taɓa leƙawa bai kama ƙafar na ɗan yadin nan wajen kaifi ba.

In attajiri zan sayar wa, Wilson. In gani nake so, Leeuwenhoek. Jeka ɗebo ruwan kwata a murfin kwalba, mu ɗiga a bakin tsinken.