Hukuncin yin magani da nonon aguwa da na tinya

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mutumin Mirriya ne, ina zaune a Damagaram. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ɗiga nonon aguwa a ramin haƙori mai ciwo, ni ma na gada, mutane na zuwa wurina. Kwanan nan wata mata ta roƙe ni in ɗiga nonon tinya cikin kunu don ɗanta mai kumburin ciki. Da ido nake aunawa. Wani almajiri ya ce mini duka haramun ne tunda guba ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillah. Allah ya jiƙan mahaifinka. Neman magani halal ne, kuma nonon itace ba najasa ba ne a mazhabarmu.

Maganar almajirin nan ita ce ke buƙatar tsayawa, domin ta yaɗu. Hujjarsa hadisin Abu Huraira ne da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya hana magani da abu mummuna, kuma a wata ruwaya an fassara shi da guba. Hadisin muna karɓarsa, fahimtar ce ba mu karɓa ba. Malamai ba su haɗu a kan ma'anar ba: Khaɗɗabi ya ɗauke ta a kan najasa ko munin ɗanɗano. Waɗanda suka ce guba ce ma, mai halakarwa suke nufi. Ibn Ƙudama a cikin Al-Mugni ya rarrabe: in galibin abin da ke biyo bayan shan maganin halaka ce ko hauka, bai halatta ba, in galibi kuɓuta ce kuma ana fatan amfani, halaccin ya fi ƙarfi. Da a ce duk abin da yawansa ke kisa haramun ne, da kinin da allurar barcin da ake yi kafin tiyata sun haramta, kuma babu malamin da ya faɗi haka.

To amma, ɗan'uwa, kada ka yi murna da wuri. Kalmar da ta juya hukuncinka ita ce "da ido nake aunawa". Tinya ba aguwa ba ce. A nononta akwai sinadaran da masana ke kira resiniferatoksin da tinyatoksin, zafinsu ya ninka na sinadarin barkono sau ɗaruruwa. Shi ya sa aka san ta a dafin kibiya. Tana ƙone baki da maƙogwaro, ta kawo amai da zawo mai tsanani, kuma zawo shi ke saurin ƙarar da ruwan jikin yaro. A nan galibi cutarwa ce, don haka bai halatta ka ba shi ba, ko da uwar ta yi kuka. Yardarta ba ta halatta cutar da ɗanta. Ibn Rushd a Bidayatul Mujtahid ya ambaci cewa wanda ya yi magani ba shi da saninsa, aka mutu a hannunsa, akwai horo da diyya a kansa. Gadon sana'a daban, sanin awo daban.

Aguwa a haƙorin babba, ɗigo kaɗan, ba a haɗiye ba, ta fi sauƙi, ban ce haramun ba. Sai dai ka gaya wa mai ciwon gaskiya: zogi ne ke kwantawa, ruɓar tana nan. Wanda kumatunsa suka kumbura ko yake da zazzaɓi, tura shi likita. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa, domin nonon nan in ya shiga ido yana iya makantarwa. In ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, sannan a nufi asibiti. Ka kuma hana yaranka wasa a jikin shingen aguwa.

Ita kuwa matar, kada ka kore ta da "haramun" kawai, sai ta tafi wurin wanda zai ba ta. Kumburin cikin yaro kan zo daga tsutsa, ko tamowa, ko saifa. Ka raka ta asibiti a duba shi, in kuɗin mota ne ya gagare ta ka taimaka. Wallahu a'alam.