Yadda za a tsara ƙaramin falo ya wadaci iyali da baƙi

Malam, ka ce falonka a Zinder mita 4 ne a kan 5, kana son ya ɗauki iyali da baƙi ba tare da cunkoso ko zafi ba.

Kafin ka sayi kujera ko ɗaya, auna hanyar wucewa. Daga ƙofar shiga zuwa ƙofar ciki a bar santimita 90, tsakanin kujera da tebur kuma santimita 45. Yawanci a nan ake kuskure: a sayo manyan kushin masu zaman mutum bakwai, su cinye ɗakin, mai kawo tire ta riƙa bi ta gaban baƙi. Doguwar kujera ɗaya da ƙanana biyu sun isa. Tsakiya a bar ta ga darduma, tunda a ƙasa muke cin abinci da yin sallah.

Zafi kuwa, a Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Taga biyu masu kallon juna, arewa da kudu, su ke jan iska. Ta yamma tana shigo da ranar la'asar, ta gabas kuma ƙurar hunturu da feshin ruwan damina, sai an yi mata rumfa. In rufin kwano ne, sa silin, tsayinsa mita 3, fanka ta kai mita 2.3 daga ƙasa. Dubi gidajen ƙasa na unguwar Birni, tsohon garin Zinder: kaurin bango ne ke riƙe musu sanyi.

Kada ƙofar falo ta kalli tsakar gida kai tsaye, don sirrin mata. Bango a shafa farin fenti, labule kuma mai sauƙin wanki.